Kurtu Ya Hana Ni Shiga Gidana

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Bari in fara gaya muku waye Kurtu. Kifin teku ne, shuɗi, bai fi babban yatsana ba. 'Yata Zuwaira ce ta kawo min shi daga Legas cikin akwatin gilashi, da gishirinsa na musamman, wai ya ɗebe min kewa bayan rasuwar mahaifiyarta, Hanne. Dutse ɗaya gare shi a ruwan, duk kifin da aka saka sai ya kore shi zuwa lungu. Ni mai ba shi abinci ma cizon hannuna yake yi. Ina son ɗan banzan nan ƙwarai. Zuwaira ta ce halinmu ɗaya, don wata uku ke nan tana roƙona in bar yayana Gambo, wanda idonsa ya tafi, ya dawo ɗakin marigayiya, ni kuwa kullum sai in ce mata za a duba. Yau ne na yi alkawarin ba ta amsa.

To, a mafarkin sai ga ni a unguwarmu, duk tana cikin ruwa, ba kuma wanda ya damu. Mata suna shanya a igiya don kaya su jiƙe sosai. Mai shayi ya ɗanɗana ruwan titi, ya ce gishiri bai ji ba, ya ƙara cokali biyu.

A ƙofar gidana na tarar da Kurtu, ya yi girman bijimi, da hular maigadi a kansa.

"Wa kake nema?"

"Gidana ne."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ne fa nake ba ka abinci, Kurtu."

"Abincin ya shiga. Kai ka tsaya nan."

Raina ya ɓaci, amma wallahi ya burge ni.

Sai ga ni a ofishin karɓar koke. Wata ƙaguwa ce a kan tebur, tana rubutu a kaikaice. Na kai mata ƙarar Kurtu. Ta ce maganin mai irin wannan hali ɗaya ne: a sauya wa duwatsu wuri, in kowa ya zama baƙo ba mai korar wani. Na ce na yarda. Ta ce ba tambayata take yi ba.

Hannun Zuwaira ya sauko daga sama, da lallensa. Ya ɗauki kicin ya ɗora kan bishiyar mangwaro, ya mai da rijiya tsakiyar titi. Ina ta dariya har ya kai ga ɗakin Hanne. Ya ɗaga shi, da gado da kwanukan jere da komai, ya kai shi inda ban gani ba. Nan dariya ta ƙare. Na bi lungu-lungu ina nema, duk ƙofar da na buɗe sai in ga kasuwa.

Na gaji na zauna kan tsakuwa. Kurtu ya zo kusa da ni, ya koma ɗan mitsitsinsa, hular ta kusa rufe shi.

"Kai ma ba ka gane ko'ina ba?" na tambaye shi.

"Ko dutsena ban gani ba."

Bai ko yi yunƙurin cizona ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Sai muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Yaya Gambo ne yake tahowa hankali kwance.

"Sallau, kai ne a zaune kamar wanda aka kora?"

"Yaya, an juya garin."

"Ni shekara biyu ke nan da aka juya min shi. Ana sabawa. Kama rigata."

Na kama, Kurtu ya biyo mu a baya. Yaya ya ce ai ɗakin Hanne ba ya ɓata, ƙamshin turaren wutarta ne ke faɗin inda yake. Sau biyu kacal muka sha kwana, sai ga ƙofar.

Ya tsaya a bakin dokin ƙofa, ya cire hannuna daga rigarsa a hankali.

"Ni dai na kawo ka. Ba a ce in shiga ba."

Ya juya. Na buɗe baki in kira shi, kumfa kawai ke fita, yana ta yin nisa da sandarsa.

Mai ruwa ne ya tashe ni, yana buga jarkoki a ƙofar gida. Na daɗe a zaune bakin gado, kunya ta ishe ni. Ko shayi ban sha ba na kira Zuwaira.

"Ki ɗauko shi yau," na ce. "Ki taho da tsintsiya."