'Yar Birkila a Ƙasar Mutane

A takardar neman shiga tafiyar mishan, inda aka tambayi abin da mutum ya iya, Auta ta rubuta waƙa da koyar da yara. Ba ƙarya ta yi ba, tun tana 'yar shekara goma sha biyu take cikin mawaƙan cocinsu. Abin da ta ƙi rubutawa shi ne ita 'yar birkila ce, kuma duk hutun makaranta a wurin gini take yinsa, tana miƙa wa babanta bulo, tana riƙe masa igiya. Wa zai rubuta wannan a takardar da 'ya'yan likitoci da lauyoyi ke cikewa? Ko a jami'a, in aka tambaye ta sana'ar babanta, sai ta ce yana harkar gine-gine, ta bar mutum ya ƙarasa sauran da kansa.

Su goma sha ɗaya suka tsallaka teku zuwa wani ƙaramin gari, inda ikilisiya ke da makarantar yara mai aji biyu. Aikin da ya kawo su shi ne ƙara aji na uku kafin a dawo daga hutu. A makon farko Auta ta gane waƙarta ba ta da kasuwa a nan. Yaran ba sa jin yarenta, ita ma ba ta jin nasu. In ta rera sai su zuba mata ido, in ta gama su tafa don ladabi, su watse. Sai aka mayar da ita ɗakin girki, tana wanke kofuna tana kai wa masu gini ruwan sha. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ba wanke-wanke ne ya sa 'yan cocinsu suka raka ta filin jirgi da addu'a ba.

Jagoran tafiyar, wanda kowa ke ce wa Yaya, ma'aikacin banki ne, mutumin kirki, in ya yi addu'a sai ka ji ba ka so ya ce amin. Gini kuwa a waya ya koye shi, mako biyu kafin su taso. Faston garin ya riga ya samo musu wani tsohon magini, amma tun ranar farko Yaya ya karɓe masa shebur da hannu biyu, ya sa tafinta ta gaya masa cewa hidima suka zo yi, Baba ya huta. Aka kawo benci aka zaunar da tsohon a inuwa. Mutumin da ya fi kowa sanin aikin ya koma ɗan kallo, saboda tsabar ƙauna.

Ranar Talata ta mako na biyu Auta ta kawo ruwa, ta ɗaga kai ta dubi bangon da suke ginawa. Sun jera bulo kan bulo, bakin kowane daidai kan bakin na ƙasa, layi ɗaya miƙe tun daga tushe har kafaɗar mutum. A kwana kuwa, wato kusurwar ginin, ba su sarƙe komai ba, bango biyu ne kawai suka jingina da juna. Ga kyau a hoto, kuma an ɗauki hotunan har an tura gida.

Ta waiwaya ta dubi tsohon. Ya haɗe leɓe, yana kaɗa ƙafa ɗaya, idonsa a kan kwanar. Ta san wannan fuskar, ita babanta ke yi in ya ga aikin ganganci.

"Me Baba yake cewa a kan ginin?" ta tambayi tafinta, wata malamar makarantar.

"Ya ce baƙi sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu."

"Shi ke nan?"

Malamar ta sunkuyar da kai. "Kun taho daga nesa, 'yar'uwa. Ba ma iya gaya wa baƙo aikinsa bai yi ba."

Kwana biyu Auta tana fama da kanta a bakin kwatamin wanke-wanke. Ita ce ƙarama a cikinsu, kuma in ta buɗe baki dole a tambaye ta inda ta san gini. Ranar Alhamis da safe, bayan addu'a, Yaya ya sanar cewa kafinta zai ɗora katakon rufi ranar Asabar, Litinin yara arba'in su shiga aji. Kowa ya tafa, ita kuwa sai ta ji muryarta ta riga ta fita.

"Yaya, ka yi haƙuri, bangon nan ba zai ɗauki rufi ba."

Wata daga cikin 'yan matan ta ce, "Auta, daga kofuna kuma sai injiniya?" Aka ɗan yi dariya.

Yaya bai yi dariya ba. "Ƙanwata, me kika gani?"

"Zo in nuna maka."

Ta wuce gaba suka bi ta. Ta nuna masa layin da ya miƙe daga ƙasa, ta ce bulo na sama rabinsa ake ɗorawa kan wannan, rabi kan wancan, don kowane ya riƙe ɗan'uwansa. Da ta ga bai gamsu ba, sai ta kori kowa baya, ta sa kafaɗa kusa da kwanar, ta tura. Ba ƙarfi ne da ita ba, amma bangon ya yi baya ya dawo, siminti ya zubo daga tsagar kwanar har kan takalmin Yaya.

Yaya ya daɗe yana kallon tsagar. "A ina kika san wannan?"

"Babana birkila ne," in ji Auta. "A wurin gini na tashi. Shekara talatin yana yi, ba bangonsa ko ɗaya da ya taɓa faɗuwa."

Ta zaci kunya za ta ji. Sai ta ji kamar ta sauke kwanon yashi daga kanta.

Kafin tafinta ta gama fassara wa tsohon, ya riga ya miƙe daga bencin, ya zaro jakar kayan aikinsa da ashe kullum tana ƙarƙashinsa. Ya fito da cokalin gini biyu, ya riƙe ɗaya, ya miƙa wa Auta ɗaya ta wajen mariƙi.

Rushe bangon bai kai awa biyu ba, abin da ya sa wasu suka kasa haɗa ido da juna. Yaya, sai a yaba masa, shi ya fara cire bulo, ya kuma je da kansa ya ba Fasto haƙuri kan ɗaga ranar buɗe aji. Daga nan ya koma lebura, yana tura baro yana tambaya, "Auta, kwaɓin nan ya yi ko a ƙara ruwa?"

Tsohon ya kama kusurwa ɗaya, Auta ta ɗauki ɗaya, suka ja igiya a tsakaninsu. Ba su nemi tafinta ba ko sau ɗaya. In ya ƙwanƙwasa bulo sau biyu da gindin cokali, ta san nata ya ɗan yi sama. In ta nuna da haɓa, ya san igiya ta saki. Tafin hannunta ya yi kanta don aiki, rana ta gasa mata wuya, ga ta tana rera waƙa tana shafa siminti, ba don kowa ya tafa ba.

Bayan kwana goma aka ɗora rufi. Da tsakar ranar ta ɗauki hoton kwanarta ta tura wa babanta, sannan ta kira shi. Yana wurin aiki, tana jin ƙarar shebur a bayansa.

"Wa ya kafa kwanar nan?" ya tambaya, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Ni ce, Baba."

"Layi na huɗu siminti ya yi yawa."

"Na gani, Baba."

Sannan a hankali ya ce, "Mutanen naki sun san 'yar wa ce ke?"

Sai a lokacin ta gane duk shekarun nan ya san abin da take cewa a jami'a, bai taɓa tanka mata ba.

"Na gaya musu, Baba."

"Da bakinki?"

"Da bakina, a gaban kowa."

Ya yi gyaran murya, ya ce to madalla, ta riƙa shan ruwa saboda rana. Ya ɗauka ya kashe wayar, amma bai kashe ba. Tana tsaye jingine da bangon ajin ta ji shi yana kiran leburorinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ajiye shebur ku zo ku ga kwana. Aikin 'yata ne, a ƙasar mutane."