Inci Biyu

Shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa yanka yadi cif-cif da jikin mutum ba. Kullum sai na ƙara inci biyu, saboda ɗan Adam yana ci, yana numfashi.

Maigidana ya shekara biyu a kwance tun da ya faɗo daga saman gini. Duniyarsa gado ce da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Da wata ƙungiya ta ce za ta ƙera masa keken guragu daidai jikinsa, sai aka ba ni takarda, a samanta wata doguwar kalmar Turanci, wai daimenshon. Ma'aikaciyarsu ta ce ba wani abu ba ne, tsawo da faɗi ne. Wai da kalmar ake maganar ɗaki, da akwati, har matsala ma idan ta yi girma. Na ce ai ta zo gidan sauƙi, awo sana'ata ce.

Na ɗauko tef na auna ƙugunsa da cinyarsa, yana ta tsokanata wai in yi masa aljihu. Hannuna ya rubuta har da ƙarin nan na kullum, ko tunani ban yi ba.

Wata tara muka jira. Ran da aka kawo keken, ya sa na gyara masa gemu. Na turo keken tun daga bakin titi har ƙofar ɗakinmu, sai ya cije. Na karkata shi, na juyo ta baya, na cire ƙyauren ɗungurungum. Keken ƙarfe ne aka yi wa walda, ba ya naɗewa. Inci ɗaya da rabi ya hana. Likita kuwa ya hana a sungumi maigidan saboda bayansa, sai dai ya zame daga gado zuwa keke.

Mai gidan haya ya ce ba a taɓa masa bango. Ƙungiyar ta ce mutum ɗaya, keke ɗaya, kuma ga sa hannuna a takarda.

Na faɗa wa maigidana gaskiya. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na tsani hannuna.

Keken ya yi sati uku a bakin ƙofa, yana hango shi daga gado. Wata safiya ina shafa masa magani a baya, ya yi magana bai juyo ba.

"Tela, ki mayar musu da abinsu. Wani yana can yana jira."

Na ce ya ƙara haƙuri, zan nemi wani ɗakin.

"Ki mayar kawai. In kin fita ki sakar mini labulen ƙofa."