Muryar Inna a Sabon Ɗaki

Mahaifiyar Kaltume ba ta son a ɗauki muryarta a waya. Sau ɗaya tak ta yarda, ranar da ta zo daga rugarsu ta Doguwa ganin ginin da Sha'aibu, mijin Kaltume, ya yi a Tudun Wada. A tsaye cikin sabon ɗakin, ba ko tabarma, ta zayyano wa jikokinta sunayen kakanninsu, ta sa musu albarka. Da damina Allah ya yi mata rasuwa.

Sai bayan sadakar arba'in Kaltume ta iya kunnawa. Abin da ta ji ya sanyaya mata jiki: kamar daga cikin rijiya ake maganar, kowace kalma na hawa kan 'yar'uwarta.

Sha'aibu ya kai ta Bebeji wajen abokinsa Mujitaba, mai gyara sautin karatun malamai a kwamfuta. Mujitaba ya saurara, ya sake saurara.

"Hajiya, muryar tana nan," in ji shi. "Amsa-kuwwa ce ta danne ta. Bango da siminti suna mayar da magana, sai ta dawo a makare ta faɗa kan wadda ke biye. Ɗakin yana nan yadda yake?"

"Mun zuba kaya."

"A fitar da su. Ki tsaya inda ta tsaya ki tafa hannu da ƙarfi, maigida ya ɗauka daga inda aka riƙe wayar. In kwamfuta ta ji yadda ɗakin ke mayar da sauti, za ta san abin da za ta rage."

Haka suka yini fitar da gado da buhunan masara, maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko tashi za su yi. Da ɗakin ya zama wayam, Kaltume ta tafa, Sha'aibu ya ɗauka ya tura wa Mujitaba.

Da suka koma ranar Laraba, Mujitaba ya ce, "Bai fita tas ba fa, amma ki saurara."

Muryar ta ɗan shaƙe, amma ga Inna nan, har da ɗan tarin da take yi kafin ta soma magana. Kaltume ta runtse ido tana bin sunayen da leɓe, har aka zo kan wata Mubaraka da ta jima tana neman tunawa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da gefen hijabi.

"Alhamdulillahi. Malam, don Allah a tura wa Yaya Dikko, yana can ruga yana jira."