Zorka a Kan Sidro

Takalmin hagu ya ƙi kama katakon, Zorka kuwa ta ƙi haƙura. Ta dafa bangon rumfar haya, ta taka da iya ƙarfinta har ƙarfen ya ce ƙas, sannan ta miƙe tana haki a kan katako biyu na zamiya a dusar ƙanƙara, ƙyallen girki na leƙowa ta ƙarƙashin rigar sanyinta. Shekara ashirin da shida ta yi tana sayar da miyar wake da fanke a gindin wannan dutse, amma ko da wasa ba ta taɓa ɗaura abin nan a ƙafa ba. A ganinta mai hankali ba ya hawa dutse don kawai ya gangaro.

Bakinta ne ya ja mata. Milutin, mai tsaron ɗakin ƙoli inda igiyar ja take sauke mutane, ya nemi aurenta da kaka, a gaban tukunya, hularsa a hannu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, mijin Zorka ma haka. Tana son sa, wannan har karnukan ƙauyen sun sani. Amma da yake rumfar abincinta cike take da mutane, sai kunya ta juye mata ta koma tsiwa, ta ce ranar da ya gan ta a ƙolin dutse kan katako, ranar za ta amsa. Kowa ya yi dariya ban da shi. Mutanen dutsen nan kuwa, maganar da aka faɗa gaban shaidu ba a lanƙwasa ta. Bai ƙara tayar da zancen ba, ita ma girman kai ya rufe mata baki. Sai yau da rana Stanka mai wanke-wanke ta ce ai Milutin ya ajiye aiki, zai koma wurin ɗansa a bakin teku, motar ƙarfe huɗu zai bi. Zorka ta ajiye ludayi ta fito.

Budo mai injin ja ya hango ta tana tahowa kamar agwagwa, sigari ya suɓuce daga bakinsa. Ya kai hannu ga oba-oba zai tsegunta wa ƙoli, ta rantse in ya taɓa shi ya gama shan miyarta har abada. Ya janye hannun.

Aikin Budo shi ne ya cafko sidro, wato sandar nan mai kai biyu da ke rataye a igiya, ya sa wa mutum biyu a bayan cinya ta ja su sama suna tsaye. Kuma ba ya haɗa dogo da gajere, ko mata da miji ne. Ya duba layi kaf, bai sami tsaran Zorka a tsawo ba sai Fada Savo, limamin coci, gajere mai tumbi da gemu har ƙirji. Fada ya dube ta, ya dubi sama, ya yi alamar gicciye.

Abu ɗaya ne ba a yi da sidro, ba a zama a kansa. Shekara ashirin da shida Zorka tana leƙowa ta tagarta tana yi wa baƙin birni ihun kada su zauna, tana dariya har da hawaye in sun kife. To, sandar na taɓa ta, sai ta zauna daram. Igiya ta saki, ƙafafunta suka yi sama, ta riƙo gemun Fada suka zube tare. Budo ya kashe inji, duk waɗanda ke kan igiya har tsakiyar dutse suka waiwayo.

"Ba a zama, Goggo!" Stanka ce daga taga, tana kaɗa ludayi, da irin muryar Zorka sak.

Zorka tana kwance, dusar ƙanƙara cike da wuyanta, sai dariya ta kama ta, ta kasa tashi. Budo da wasu mutum biyu suka ɗago ta. Fada ya kakkaɓe gemu, ya ce zai sake gwadawa sau ɗaya, saboda Allah, ba don ita ba.

Karo na biyu ta tsaya ƙyam, kuma abin mamaki sai ga ta tana tafiya. Hayaniya ta koma baya. Ba ka jin komai sai sulululun katako da ƙarar igiya a sama, itatuwa sun sunkuyo da farin kaya. Ta waiga ta hangi hayaƙin rumfarta ɗan mitsitsi, sai daɗi ya kama ta kamar yarinyar da aka ɗora kan lilo. Ta fara ƙyalƙyalawa. Fada ya roƙe ta da ta daina, girgizarta za ta sake kayar da su, hakan ya ƙara tunzura ta.

Sun kai rabi ke nan sai ga wani yana gangarowa ta gefe, jaka goye a baya, ƙafafu a haɗe irin zamiyar mutanen da. Milutin ne, ya miƙa ɗakin ga sabon ma'aikaci, yana saukarsa ta ƙarshe. Ya kalli igiyar, ya kau da kai, ya sake kallo. Mutumin da aka shekara talatin ba a ga faɗuwarsa ba ya tafi da ka cikin tudun ƙanƙara.

"Zorka?" ya ce, daga zaune. "Kada ki saki sandar!"

"Ina kuma za ka, tsohon banza? Wurinka zan je!"

Igiya ba ta jiran kowa, ta wuce da ita.

A ƙoli Fada ya ce ta saki, ta saki, ta tafi luu ta rungumi shingen katako. Ya ce shi dai ya shaida, ya juya ya gangara abinsa. Sabon ma'aikacin ya ba ta kujera, ta ƙi zama, don a tsaye kan katako take so a gan ta. A nan dariyar ta ƙare. Ta leƙa gangaren. Can ƙasa layin Budo ya yi tsawo, kuma ta san shi, ko shugaban gunduma ba ya tsallake masa layi, ga shi sai Milutin ya bi layin kafin ya hawo. Uku da rabi ta wuce. Ta hangi motar ta shigo ƙauye ta tsaya gaban coci. Tsoro ya kama ta sosai, kada mutumin nan ya ce ai a rabin dutse ya gan ta, ba a ƙoli ba. Zai iya, haka kansa yake.

Huɗu saura minti biyar sidro ya kawo shi, an haɗa shi da wani dogon baƙo. Ya saki sandar, ya zo gabanta ya tsaya, ya dube ta tun daga hula har katako.

"Na gan ki," ya ce.

"To, na amsa." Ta ja hanci. "Amma ka sani, ko kashe ni za a yi ba zan sauka a kan abin nan ba."

A dutsen nan babu abin kunya ga ɗan gari kamar ya sauka da ƙafa, shekara guda ana yi masa tsiya a mashaya. Milutin ya durƙusa ya kwance nata katakon, ya kwance nasa, ya haɗa huɗun ya saɓa a kafaɗa. Daga ƙasa motar ta yi oda sau biyu.

"Motarka fa?" ta ce.

"Ta san hanya. Taka inda na taka."

Suka bi gefen itatuwa suna nutsewa har gwiwa, masu wucewa suna yi masa fito suna kiran sunansa. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, sai dai in zai miƙo mata hannu.