Sunan Ɗan Fari

Shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, Saliha ta samu aikin wata huɗu a buro, wato ofishin rajistar masu zaɓe na Agiye. Mijinta yana ci-rani a Agadas, uwarta tana can Gidan Sori, ga ɗanta na fari ɗan wata bakwai goye a bayanta. Shugaban buro ya ce ba ya son kukan jariri kusa da takardun gwamnati, kamar dai shi daga sama ya faɗo da gemunsa.

Sai ta kai yaron gidan wadda ake wa laƙabi da Baturiya, wata tsohuwar malamar lakol, wato makarantar boko, da ta buɗe wurin renon yara a zaurenta. Jika goma sha biyar a wata, ban da madara da sabulu. Albashin Saliha kuwa jika ashirin da biyar ne. Tun ranar farko tunkiyar da aka ba ta da suna ta tafi kasuwar Cadawa.

Baturiya ta buɗe littafi ta ce, "Mi sunanshi?"

Saliha ta sunkuyar da kai. A gidansu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ta miƙa takardar haihuwa.

"Musbahu," Baturiya ta karanta, ta yi dariya. "Ke ɗiyata, har yanzu kuna wagga kunya? Kawo shi nan."

Ta karɓe shi ta cilla sama ta cafe, tana kiran sunan kamar ita ta raɗa masa. Saliha ta fita ba ta waiwaya ba, don kada a ce ta yi rashin ta-ido. Ba kuɗin ne ya fi ci mata rai ba. Tsoronta shi ne yaron ya saba da wata ya manta da ita.

Wata huɗu tana rubuta sunayen mutane daga safe har la'asar. Manoman Sae Sabuwa, Fulanin daji, tsofaffin da ba su san shekarunsu ba, kowa sai ta ɗaga murya ta kira sunansa ya zo ya dangwala. Nono ya cika ya jiƙa mata riga, ta rufe da mayafi ta ci gaba. In ta je ɗaukar yaro, sai Baturiya ta ba ta labari: yau ya yi rarrafe, yau haƙori ya fito, yau ya kama bango ya miƙe. Saliha takan ce "to" kawai, ta goya shi.

Aka yi zaɓe, aka sallame su da godiya. Abin da ya rage mata bai kai kuɗin tunkiyar ba.

Ranar ƙarshe ta karɓo yaron yana ta tsala kuka, yana miƙa hannu wajen Baturiya. Ta bi ta bayan gari inda ba kowa sai kututturen gero. Ta sauke shi, ta durƙusa, ta duba gabas da yamma. Kamar mai shirin yin sata, ta ce a hankali, "Musbahu."

Yaron ya yi shiru. Fuskarsa ta washe. Ya juya ya ba ta baya, yana leƙen hanyar da suka fito, yana neman mai kiransa.