Rabin Aski

Shekara goma sha biyu ina aski, ban taɓa barin kan mutum rabi ba sai a kan Dogo.

Dogo ɗan layinmu ne, shi ne gola a ƙwallon yamma, ga surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Kwatsam ya ɗauke ƙafa wata huɗu. Ran da ya shigo shagona, ya rame, gashi duk ya cukurkuɗe. Na ce, "Kai, wannan daji ai sai da adda!" Ko murmushi bai yi ba.

Na yafa masa zane, na fara aski ta ɓangaren dama. Can sai ya ɗora safar golansa a kan tebur.

"Yaya, ka ba mai so. Ka yi mini mai kyau, daga yau ba zan ƙara damun kowa ba."

Na kashe inji. Ni dai ban iya kewaye-kewaye ba.

"Dogo, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan zanen. Wallahi na ji tsoro, amma ban bari ya gani ba. Na kira yayarsa a waya na ce ta same mu a asibiti.

"Tashi mu je. Ciwo ne wannan, kuma akwai masu maganinsa."

"Da rabin kai? Dariya za a yi mini."

Gaskiyarsa ce, ga shi ba hula a shagon. Na kunna injin, na kwashe ɓangaren hagun kaina tas, ni da nake taƙama da sumata kamar gonar gado.

"To, yanzu a raba dariyar biyu."

Muna fita mai faci ya saki taya ya riƙe ciki. Tela ya leƙo da almakashi a hannu: "Ikon Allah! Sabon yayi ne?"

Na ce, "Ka makara, layi ya cika!"

Sai na ji wani ɗan sauti a gefena. Dogo ne yake dariya, 'yar ƙarama, tana fita da ƙyar. Na kama hannunsa, ban sake ba har ƙofar asibiti.

Yayarsa ta riga mu isa. Ta rungume shi tana kuka, ta ɗago ta ga kaina, kukan ya sarƙe da dariya.

Nas ɗin da ke karɓar mutane ta dube ni, ta dube shi, ta cire tabarau ta goge.

"Don Allah, a cikinku wane ne mara lafiyar?"

Na buɗe baki zan amsa masa tambayar kamar yadda na saba yi wa kowa. Dogo ya riga ni. Ya ɗaga dogon hannun nan nasa sama.

"Ni ne," ya ce. "Ina so a taimake ni."