Gajeriyar Fedar Malam Nababa

Kacar ta sake yin tsalle ta zame daga kan haƙoran farantin keken, Dallatu ya saki fedar da yake juyawa da hannu ya ja tsaki. Keken yana kife a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, tayoyi a sama. Mai keken kuwa, Malam Nababa, yana zaune a kan wani tsohon turmi, ya dafa sanda da hannu biyu, ya zuba ido kamar wanda ake yi wa ɗansa kaciya.

"Ta ƙi ko?"

"Ta ƙi, Baba. Haƙoran farantinka masu kauri ne, irin na da. Ita kuwa kacar giya siririya ce, ba ta shiga tsakaninsu, a kansu take tafiya. Tsohuwar kacarka kuma ta yi wa sabon firiwil ɗin, wato jerin haƙoran giyar baya, faɗi, sai ta riƙa gogar haƙoran da ke kusa da ita."

"To ka ba su haƙuri mana su zauna lafiya," in ji Malam Nababa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin kuma ya daɗe bai sake shi ba.

A shekarun nan ne da man fetur ya gagari talaka, aka jingine babura a zauruka aka lulluɓe su da tsofaffin tabarmi, kowa ya tuna yana da keke a bayan rumbu. Dallatu, wanda sana'arsa ta gyaran keke ta kusa komawa tarihi har ya fi ba da ƙarfi ga gona, sai ga shi ya sake zama mutum a gari. Waɗanda a da suke wuce shi da ƙarar salansa yanzu su ne ke tsayawa su tambayi lafiyar iyali. Malam Nababa dai bai taɓa sauka daga kekensa ba balle ya koma. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Dallatu, kuma tun Dallatu yana yaro ya san cewa duk Juma'a, da an sauko daga masallaci, tsohon zai ɗaure ƙullin gero ko na daddawa a kariya ya nufi Tudun Gawo wajen yayarsa Barira, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Tsakanin garin da Tudun Gawo akwai kwarin rafi, bayansa kuma hawa mai tsawo. Da bazarar bana ƙirjin Malam Nababa ya fara ba shi matsala, numfashi sama-sama, ƙafafu suna kumbura. Zuwansa na ƙarshe a tsakiyar hawan ya sauka, ya zauna a gefen gonar wani har ya dawo hayyacinsa, sannan ya juyo gida da ƙullinsa. Da ɗansa Hadi, mai aikin gini a Bacirawa, ya ji labari, sai ya aiko da kayan keke na gwanjo: ƙafar baya mai giya, da kacarta, da abin sauya giyar, da sabon faranti mai sheƙi haɗe da hannuwan feda.

"Baba, ga farantin da aka aiko da shi," in ji Dallatu. "Shi ne abokin kacar. Kafin a kira la'asar na ɗaura maka."

Malam Nababa ya miƙe ƙafarsa ta dama ya ja wando sama. Dallatu ya san gwiwar nan. Tun tsohon yana saurayi amalanke ta danne ta, ta warke amma ba ta lanƙwashewa sosai. Saboda haka aka yanke hannun fedar dama aka rage masa tsawo aka yi masa walda, don kada gwiwar ta riƙa tasowa da yawa. Hannun fedar kuwa a manne yake da tsohon farantin, ƙarfe ɗaya ne. Sabon na alminiyam ne, mai waldan garin ya riga ya ce walda ba ta kama shi.

"In ka cire wannan ka cire ni," in ji tsohon.

Dallatu ya shafa haƙoran da ɗan yatsa. Hanya ɗaya ce ta rage: a bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, a rage musu kauri har siririyar kacar ta zauna. Aiki ne na haƙuri, don in hannu ya zarce a haƙori ɗaya an ɓata farantin gaba ɗaya, kuma babu inda za a samo irinsa.

"Baba, me zai hana a samu mai babur ya kai ka? Ko ni in goya ka a wani keken."

"Yaya ta binne 'ya'yanta duka, Dallatu. Ni kaɗai na rage mata. In ta gan ni a bayan wani an riƙe ni kamar buhu, ta gama sanin komai. Na aika mata cewa noma ne ya riƙe ni. Sau ɗaya kawai nake so ta hango ni na hawo tudun nan da ƙafata, in sha ruwa, mu yi hira, hankalinta ya kwanta."

Washegari da hantsi Dallatu ya kwance farantin ya danne shi a kan kututture. Bai yi nisa ba ya ji sallama. Inna Mairo ce, matar Malam Nababa, ta yafa zane, tana waige kamar wadda ta zo sayen abin da ba a so a gani.

"Dallatu, wajenka na zo. Don girman Allah kada ka gama aikin nan."

"Inna?"

"Likita a Dawakin Tofa ya ce ko guga kada ya ja. Ni na ji da kunnena. Kai ka san Malam, ranar da keken nan ya tashi ranar zai hau. So kake a ɗauko min shi daga kwari a amalanke? Ka ce magagarin ya dakushe. Ka ce komai ma."

Dallatu ya ce to, don bai san yadda ake ce wa Inna Mairo a'a ba. Ita ta yi wa matarsa wankan jego, kuma gaskiya ta faɗa.

Daga ranar Dallatu ya zama mai dalilai. Yau maimai ya tsare shi a gona, gobe hadari ya taso, jibi an kawo masa facin gaggawa. In ya ga tsohon ya fito, sai ya ɗauki magagari ya ɗan shafa haƙori ɗaya a hankali, ya busa, ya ɗaga shi sama yana dubawa da ido ɗaya kamar mai gwada zinariya. Bai iya ƙarya ba, shi ya sa yake cika ta da bayani. Malam Nababa yakan saurara har ƙarshe ya ce, "Allah ya taimaka," ya koma gida yana dafa bango. Abin yana cin Dallatu ƙwarai. Yana son mutumin nan kamar uba, kuma kullum sai ya dubi idonsa ya yaudare shi.

Juma'o'i suka wuce, gero ya fara fitar da kai, marka ta sauka. Malam Nababa ya daina fitowa gindin darbejiya, aka koma shimfiɗa masa tabarma a zaure, a tokare masa baya da matashi don ba ya iya kwanciya sosai. Wata ranar da la'asar ya aika a kira Dallatu.

"Zauna. Mairo ta yi maka magana ko?"

Dallatu ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Ai na sani. Ina jin magagarinka ta katanga. Mutumin da ke son gama aiki ba haka hannunsa yake tafiya ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ban ji haushinka ba, ita ma ban ji nata ba. Ita so take in daɗe, ni so nake in je, muka saka ka a tsakiya. Amma dubi ƙafafun nan. Zaman da nake yi bai hana su kumbura ba."

"Baba, ka yafe mini."

"Ka gama min kekena, shi ke nan. Ko ban hau ba in ji an ce ya tashi."

Tun daga asubar washegari unguwar ta san Dallatu ya kama aiki. Ƙarar magagari ba ta tsaya ba sai don salla. Ya bar gonarsa da ciyawa, masu faci suka zo suka koma. Garin ƙarfe ya yi masa baƙi a yatsu, tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Duk da haka ba ya iya sauri yadda yake so, don kowane haƙori sai ya gwada shi da kacar kafin ya wuce na gaba. Da rana Inna Mairo ta fito ta tsaya a kansa. Ya jira faɗa. Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta ajiye masa kwanon fura a gefen kututturen.

"Ka sha, tun safe ba ka huta ba," ta ce, ta juya.

Ranar da ya gama, gari ya waye da yayyafi, hantsi ya fito fes. Ya ɗaura farantin, ya zura kaca, ya ɗiga mata baƙin mai, ya juya feda. Kacar ta zauna a kan haƙoran lif. Ya taɓa abin sauya giya, ta haura babban haƙori na baya, ta sauko, ta sake haurawa, babu tsalle babu gardama. Dallatu ya yi dariya shi kaɗai. Ya juyar da keken a kan tayoyinsa, ya goge sirdin da gefen rigarsa, ya tura shi zuwa ƙofar maƙwabcinsa yana shirya irin tsiyar da zai yi wa tsohon.

Bai kai ga yin sallama ba ya ji salati daga cikin gida, muryar Inna Mairo ce, wata mace kuma tana tayawa. Tabarmar zauren tana nan da matashinta, ba kowa a kai. Dallatu ya tsaya riƙe da keken. Ya kasa jingine shi, ya kuma kasa komawa da shi.

Kafin wani lokaci ƙofar gidan ta cika. Aka buga wa Hadi waya ya taso, aka tura masu haƙa, liman ya ce a yi jana'iza bayan azahar. Ana cikin haka aka ce Inna Mairo tana kiran Dallatu. Ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, ita tana daga ciki.

"Akwai masu waya a Tudun Gawo," ta ce, muryarta a dashe. "Amma ba a faɗa wa Yaya wannan a waya. Kai za ka je."

"To, Inna."

"Keken ya tashi?"

"Ya tashi."

Ta share ido da gefen zane. "Da safen nan ya ce bai ji magagari ba, ko ka gama ne. Na ce ban sani ba. Ɗauki nasa ka tafi."

Dallatu bai taɓa yin tafiya a keken nan ba, gyara kawai yake yi ya miƙa. Tun kafin ya fita gari ya gane ba a tuƙa shi yadda aka saba. Ƙafar hagu tana yin cikakken zagaye, ta dama tana yin ƙarami, dole jiki ya riƙa karkata, kafaɗa ɗaya tana faɗawa tana tasowa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, keken ya ƙi, sai ya bi shi yadda yake so. Ya ratsa tsakanin gonaki, gero ya fi kansa tsawo ta kowane gefe, ya gangara kwari ya tsallake rafin da ruwa iya taya.

Da ya fara hawa ya mayar da kacar babban haƙori. Fedar ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafarsa, keken ya riƙa hawa a hankali ba tare da ya tashi daga sirdi ba, ko haki bai yi ba. Nan ne kukan da ya riƙe tun hantsi ya ƙwace masa. Da ya gama aikin tun farkon damina, lokacin tsohon yana iya fitowa da ƙafarsa, wataƙila da ya hau tudun nan. Wataƙila kuma da a nan za a tsince shi, yadda Inna Mairo ta ji tsoro. Dallatu bai sani ba, kuma ya gane ba zai taɓa sani ba. Ya share fuska da kafaɗa ya ci gaba da tuƙi.

Gidan Barira shi ne na farko in an gama hawa. Tana zaune a ƙofar gida tana tsinkar zogale a faifai, tsohuwa ƙanƙanuwa, idonta ya yi rauni, fuska ba ta ganewa sai an matso. Amma tafiyar keken nan ta san ta shekara da shekaru. Dallatu ya hango ta ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu, ta ajiye faifan ta miƙe da sauri irin wanda bai zaci tana da shi ba.

"Kaltume!" ta kira matar jikan mijinta da ke cikin gida. "Kawo tabarma da ruwa, ga Nababa nan! Ja'iri, sai yau ya ga dama."

Kaltume ta fito ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Dallatu ya ja birki tun da sauran tazara, ya sauka, ya turo keken a ƙasa. Da ya daina tuƙi kafaɗarsa ta miƙe. Murmushin tsohuwar ya tsaya inda yake. Ya ƙaraso ya durƙusa ya yi sallama, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita.

Barira ba ta dube shi ba. Ta matso ta ɗora hannu a kan sirdin, ta daɗe a haka, leɓɓanta suna motsi da salati. Kaltume ta kalli Dallatu, ta gane, ta sunkuya za ta naɗe tabarmar.

"Bar ta a shimfiɗe," in ji Barira. "Mutane za su zo."